Sai Barewa Ta Huta

Odessa Tillery ta goge kwat ɗin mijinta tun ranar da aka shigar da ƙarar kamfanin fenti, ta rataye shi a bayan ƙofa. A cikinsa Cleon ya ce zai ba da shaida. Shi ne direban da ya riƙa kwasar gangunan dattin kamfanin fenti yana kaiwa bayan rafi ana binnewa, har rijiyoyin unguwarsu suka koma warin kananzir. Cikin waɗanda suka yi wannan aikin shi kaɗai ya rage a duniya, shi ma da tukunyar iskar numfashi a gefen gado, likita kuma ya daina yi musu maganar baɗi. Abin da tsohon yake so bai taka kara ya karya ba: a rantsar da shi, a ɗauki maganarsa a bidiyo, ya faɗi wurin, ya faɗi wanda ya ba da umarni.

To amma kotun tarayya ba kasuwa ba ce da mutum zai shigo ya buɗe baki don kawai yana da gaskiya. Sai lauyoyin ɓangarorin biyu sun zauna sun yi shawara, sannan su je gaban alƙali ya tsara musu ranakun komai. Kafin nan ko tari shaida ya yi, bai shiga lissafi ba.

"Ba sai kin zo ba, Mama," in ji lauyansu, Burl Haskew. "Zaman sa rana ne kawai. Kalanda za mu duba."

"Kalandar nake so in gani, ɗana."

Ta zo, cikin watan Oktoba, da hularta ta zuwa coci, ta zauna a bencin baya. Burl da lauyan kamfanin, Wendell Stroud, suna can gaba suna dariya ƙasa-ƙasa. Tare suka yi makaranta, tare suke farauta, dajin farautar ma haya ɗaya suke biya. A takarda kuwa abokan gaba ne, kowa ya rubuta wa ɗan'uwansa baƙar magana shafi-shafi.

Alƙali Maddox ya fito, ya gyara tabarau, ya buɗe tasa kalandar.

"Na ga akwai shaidar da ake so a ɗauka da wuri. Me ya hana tsakiyar Nuwamba?"

Wendell ya miƙe yana murmushin jin kunya a madadin alƙalin.

"Ranka ya daɗe, ai makon buɗe farautar barewa ke nan."

"Af. Haka ne fa." Alƙalin ya dafa goshi. "Ku yafe ni, tsufa ne."

A kudancin Alabama ana iya ɗaga biki, ana iya ɗaga tiyata, amma ba a taɓa jin wanda ya ɗaga wa barewa rana ba. Kuma lauyoyin garin suna da wata ɗabi'a da suke taƙama da ita fiye da takardun digirinsu: in ɗan'uwanka lauya ya ce rana ba ta yi masa ba, ba ka musa masa. Yau shi ne, gobe kai ne. Mutunci suke kiran abin.

Disamba ta zo kan tebur, aka tuna da Kirsimeti da surukan Wendell da za su zo daga nesa. Janairu ta zo, su ukun suka yi dariya tare, don a watan ne manyan mazan barewa ke fitowa neman mata, wanda ya zauna a ofis ya yi asarar shekara.

Aka tsaya a kan ƙarshen Fabrairu. Odessa ta miƙe, jakarta a hannu.

"Ranka ya daɗe, mijina ba zai kai Fabrairu ba."

Alƙalin ya dube ta da tausayi, irin na mutumin da ya ci ya ƙoshi.

"Baiwar Allah, na ji ki. Amma a nan ta bakin lauya ake magana. Lauya Haskew, kana da ƙorafi?"

Burl ya waiwayo ya dube ta, ya dubi Wendell. Kalma ɗaya ce tsakaninsa da Nuwamba, kuma ya san alƙalin zai ba shi in ya nema. Ya gyara wuyan rigarsa.

"Ranka ya daɗe, jikin shaidan ya yi nauyi kam. In ɗan'uwana zai yarda da farkon Fabrairu maimakon ƙarshe..."

"Ba ni da ja," in ji Wendell, hannu a ƙirji. "Saboda Mama."

Alƙalin ya yaba musu. Ya ce da duk lauyoyi haka suke da haɗin kai, da aikinsa ya yi sauƙi. Ya sa hannu, aka tashi, ko shayi bai isa hucewa ba.

A bakin matakala Burl ya riƙe mata hannu.

"Kin ga mun samo mako uku. Sannu ba ta hana zuwa, Mama."

"Ƙarasa karin maganar mana, ɗana. Sai dai a daɗe ba a je ba."

Da ta koma gida Cleon ya ɗaga abin iskar daga hancinsa.

"Yaushe ne, Dessa?"

"Sun ce sai barewa ta huta."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Daga ranar kullum sai ya sa ta zauna ya maimaita mata: bayan rafi, gindin itacen da tsawa ta raba, da sunan manajan da ya ba da umarni. Ta haddace tsaf. Da ta faɗa wa Burl a waya, ya ce abin da ta ji daga bakin wani ba shaida ba ne, doka ba ta san shi ba.

Cleon ya rasu a tsakiyar Janairu. Fasto ya ce shi ma bai taɓa ganin shekarar da barewa ta yi yawa haka ba.

Bayan an dawo daga maƙabarta gida ya cika da masu gaisuwa, kowa da kwanon abincinsa. Burl ya shigo da nasa a nannaɗe, fuska duk wani iri. Ya ce Wendell ma yana gaisuwa, kuma don mutunci ya yarda a ƙara musu lokaci su nemo wani shaidan. Ya ajiye ƙunshin a kan tebur.

"Naman barewa ne, Mama. Da hannuna na harbo ta."

Odessa ta dubi ƙunshin, ta dubi bayan ƙofa inda ƙusa ta rage ita kaɗai.

"Ka makara kaɗan, da ka gan shi cikin kwat ɗin," ta ce. "Ya yi masa kyau. A shirye ya tafi, ko can za su saurare shi."