Gishirin Baba

Tun ranar da aka sa lokacin auren Auta, Baba ya fito da tukwanensa daga ɗakin ajiya. Ba tukwanen gida ba, a'a, manyan nan da aka bar masa kyauta sanda ya yi ritaya daga kicin ɗin masana'antar takalma, waɗanda sai mutum biyu sun kama kafin su ɗagu. Ya jera su a tsakar gida, ya nemo soson ƙarfe, ya zauna a kan 'yar kujera yana gurza yana waƙe-waƙensa. Yaya, babbar 'yarsa, tana leƙensa ta taga.

Baba kuku ne na gaske, wannan babu mai musu. Ya ciyar da ma'aikata tun suna samari har suka yi furfura, kuma har yau in ya bi ta titi sai ka ji wani tsoho ya ɗaga hannu yana kiran "Kuku!" Sai dai tun wani zazzaɓi mai zafi da ya kwantar da shi shekarun baya, harshensa ya tafi. Jiki ya warke sarai, ɗanɗano ne bai dawo ba, shi kuma bai sani ba. Zai ɗanɗana miya ya ji ta lami, ya ƙara gishiri, ya sake ɗanɗanawa, ya sake ƙarawa, har sai ta koma abin da ko akuya sai ta yi tunani kafin ta lasa.

Ranar farko da ya shiga kicin bayan ya tashi daga jinya, Yaya ta kai loma ɗaya ta buɗe baki za ta yi magana, Umma ta take mata ƙafa ta ƙarƙashin tebur.

"Kai, Malam, hannunka yana nan yadda yake!" in ji Umma.

Baba ya yi dariya har da hawaye, mutumin da aka fitar da rai da shi. To wa zai iya cewa wani abu bayan wannan? Shi ke nan, ƙarya ta samu wurin zama a gidan. Da yake ɗabi'arsa ce tun ta masana'anta da ya sauke tukunya sai ya shiga wanka, sai suka raba aiki. Umma ta ƙara ruwa, Auta ta jefa ferarren dankali ya tsotse gishirin, Yaya kuma, in ta leƙo daga shagon ɗinkinta, ta tsaya gadi kusa da banɗaki tana jan sa da hira ta bayan ƙofa. Kafin ya fito an tsame dankalin an zubar, kowa ta koma wurinta kamar ba ta san komai ba.

Auta ba ta son biki mai tsari. Ba zauren haya, ba babban tebur, ba jawabi. A tsakar gida da bakin layi take so, kowa ya ɗauki faranti ya tsaya inda ya ga dama, a ci, a yi dariya, a watse kafin magariba. Angon ma haka yake so. Amma da ta ga tukwanen nan a jere, sai ta ja Yaya ɗaki ta rufe ƙofa.

"Don girman Allah, Yaya, kar Baba ya dafa. Buhun dankali nawa za mu jefa a wannan tukunya? Kuma kin san ranar ba zai matsa ko nan da can ba. A gaban dangin miji fa!"

"To ki faɗa masa mana, ba aurenki ba ne?"

"Ni? Ke ce babba."

Umma ma da aka same ta cewa ta yi, "Ke kika iya magana da shi." Haka suke, in abu mai daɗi ne na kowa ne, in na ɗaci ne sai a tuna da wadda aka fara haifa.

Yaya ta ce za ta faɗa masa, amma bari ta fara samo mai abinci tukuna. Ta je wurin wata mata mai ma'aikata sanye da fararen safar hannu, ta ga wannan sai ta sa baƙi su ji kunyar tauna. Ta je wani otal, aka yi ta nuna mata hotuna, ba a ba ta ko loma ba. Daga ƙarshe wata mai kawo mata ɗinki ta kwatanta mata wani mai motar abinci a bayan filin ƙwallo. Tsohuwar mota ce da aka yanke mata gefe aka kafa murhun gashi, mutumin kuma ƙato ne mara yawan magana. Ya miƙo mata gasasshiyar kaza da soyayyen dankali da burodi mai ɗumi a farantin takarda. Ta ci a tsaye, mai na bin hannunta, har ta lashe yatsa kafin ta tuna a titi take. Ashe ta manta yadda abinci yake in ba a yi masa gyara a ɓoye ba. Kunya ta kama ta nan take, kamar Baba na tsaye a bayanta yana kallo.

"Ni ba na karɓar aiki sai na ga wuri," in ji mai motar. "Ina mota za ta shiga, ina ruwa yake, ina hayaƙi zai bi. Na taɓa turnuƙe amarya, ban ƙara ba."

Ta ce ya zo ranar Alhamis da hantsi, lokacin da Baba ke tafiya wurin mai aski ya daɗe yana hira. Kafin nan ai ta faɗa masa.

Ba ta faɗa ba. Kullum sai ta shigo da maganar a bakinta, ta tarar da shi yana gurzar gindin tukunya, ya ɗago yana murmushi ya ce, "Kin ga yadda take ƙyalli?" sai maganar ta koma ciki. Wata rana ma ya biyo ta har shago ya ce ta ɗinka masa sabon ƙyallen gaba irin na masu girki, fari, mai aljihu, don tsohon ya yi dauɗar da ba ta fita. Wallahi ta ɗinka. Ta zauna a kan keke ta ɗinka masa, har da yi masa baki mai kyau, tana yi tana tsine wa kanta.

Ranar Alhamis ta iso gida ta tarar Baba bai je aski ba. Yana tsakar gida ɗaure da sabon ƙyallen, ya ɗora ƙaramar cikin tukwanen a wuta, wai gwaji yake don ya gane awon da zai yi ranar biki. Kafin ta zaro waya ta hana mutumin zuwa, sai ga sallamarsa a ƙofa.

"Wane ne?" in ji Baba.

"Mai kujeru ne, Baba. Ya zo ganin wuri."

Ita kanta ba ta san daga ina ƙaryar ta fito ba, ta dai ji ta a bakinta a shirye. Mai motar ya dube ta. Baba ya miƙa masa hannu, da suka gaisa sai ya riƙe hannun bai saki ba, ya juya shi yana kallon tabon ƙuna a jere har gwiwar hannu, babu ko gashi ɗaya.

"Kujerun naka da wuta suke zuwa?" Ya yi dariya. "Ɗana, wannan hannu ya san murhu."

"Ina ɗan taɓawa, Baba."

"Na faɗa! Zo nan, zo. Mutanen gidan nan komai na ba su sai su ce ya yi daɗi, ba su san komai ba. Zo ka ji miyar auren 'yata."

Yaya ta yi ta ƙifta masa ido, ta yi gyaran murya, har ta yar da mayafinta da gangan. A banza. Mutumin ya ga tukunya, hankalinsa ya tafi can. Ya karɓi ludayi, ya ɗiga a tafin hannu, ya lasa. Ba da mugunta ya yi maganar ba, haka masu girki ke yi wa juna.

"Haɗin ya yi, Baba, suyar ma ta yi. Amma gishiri ya kashe ta. Wani ya zuba bayan kun zuba ne?"

"Gishiri?"

Baba ya buɗe hannunsa na hagu. Gishiri ne cike da tafin, wanda yake shirin ƙarawa sanda aka yi sallama. Ya karɓi ludayin ya ɗanɗana, ya juya harshe, ya sake ɗanɗanawa. Sannan ya miƙa wa Yaya.

"Ke, ɗanɗana."

Ta ɗanɗana. Gishirin ya kama mata maƙogwaro har idonta ya kawo ruwa, amma bakin da ya saba sai da ya fara, "Ai ta yi da…" Ta tsaya. Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Daidai nan Umma ta fito daga kicin. Ta ji tsakar gida ta yi shiru ta ɗauka Malam ya shiga wanka, sai ga ta da kwanon ferarren dankali, tana sauri tana ɓoye shi da gefen zani. Ta yi turus. Baba ya dubi kwanon, ya dubi matarsa, ya dubi 'yarsa. Mutumin da ya yi rayuwarsa a kicin ba ya buƙatar a gaya masa aikin ɗanyen dankali a gaban miyar da ta riga ta nuna.

"Shi ya sa nake ganin dafaffen dankali a kwandon shara," ya ce a hankali. "Ina ta faɗa a raina wai kuna ɓarna. Tun yaushe?"

Umma ta sunkuyar da kai. Auta da ta leƙo ta taga ta koma ciki da sauri. Aka bar babba, kamar kullum.

"Tun rashin lafiyar, Baba."

"Maƙwabtan da nake aika wa fa?"

"Muna gyarawa kafin a kai."

Da ya yi faɗa, da ya zage su, da Yaya ta ji sauƙi. Bai yi ba. Ya karkaɗe gishirin a ƙasa, ya goge hannu, ya juya wurin baƙon da ke tsaye yana neman hanyar gudu.

"Kai ne mai abincin, ko? Kar ka ajiye motar a nan, da yamma iska daga can take kaɗowa, hayaƙi zai cika wa mata ido. Ka kai ta bakin ƙofa ta hagu. Famfo yana bayan wancan bangon."

Ya zaga da shi ko'ina, ya nuna masa komai, ya raka shi har waje. Da ya dawo ya kwance ƙyallen, ya ninke shi da kyau, ya ɗora wa Yaya a hannu.

"Da kin faɗa mini, ai da kin huta da ɗinki."

Washegari tukwanen suka koma ɗakin ajiya, shi kaɗai ya ja su bai nemi taimakon kowa ba.

Biki ya yi kyau, gaskiya. Mota ta tsaya inda Baba ya ce, hayaƙi ya bi ta saman katanga, mutane suka yi layi da farantansu suna tsokanar ango. Auta tana ta yawo cikin ƙawaye da cinyar kaza a hannu. Baba yana zaune a inuwa cikin sabuwar riga, faranti a kan gwiwa. Wani tsohon abokin aikinsa ya ɗaga murya daga nesa, "Kuku, hannunka ne wannan?" Ya ce, "A'a, na huta."

Yaya tana ta kai da kawo, duk inda ta bi sai ta kauce wa inuwar nan. Can Baba ya yafito ta da hannu. Ta zo ta durƙusa a gefensa. Ya riga ya ci rabin abin da ke farantin, yana tauna a hankali kamar mai sauraren wani abu daga nesa.

"Abincin nan," ya ce ƙasa-ƙasa, "ya yi daɗi?"

"Wallahi Baba ya yi daɗi. Wallahi."

Kuma gaskiya ta faɗa, wannan karon gaskiya ce tsantsa. Ya dube ta ya daɗe, ba da fushi ba, ya gyaɗa kai. Sannan ya juya ga wani dattijo daga dangin ango da ke zaune kusa da shi, mutumin da bai taɓa gani ba sai yau, ya taɓa masa gwiwa.

"Bawan Allah, don Allah in tambaye ka. Abincin nan ya yi?"

Yaya ta kasa tashi. Tana nan durƙushe har dattijon ya gama ba shi amsa.