Ƙidayar Dehmiran

Ɗalhatu direba ne a gidan wasu 'yan Iran da ke unguwar Madinat Khalifa a birnin Doha. Aikinsa ya kai tsohon gidan, Haji Abdurrahim, asibiti wankin ƙoda, ya jira shi, ya dawo da shi. Rashad, ɗan tsohon, shi ne kafil ɗinsa, wato mai riƙe da izinin aikinsa da zamansa a ƙasar. Ɗalhatu ya daɗe rabonsa da Malumfashi, don duk sanda ya tayar da maganar hutu sai a ce ya bari jikin Haji ya yi sauƙi.

A mota suke hira, da ɗan Larabcin da kowannensu ya tsinta. Nan Ɗalhatu ya ji cewa Haji ya yi shekara da shekaru yana dagacin Dehmiran, wani ɗan ƙauye a tsaunukan kudancin Iran. Ƙarami ne, amma shi ne hedikwatar gundumarsu. Ofishin hukuma yana can, da ɗakin shan magani, da makarantar da yaran ƙauyukan kewaye ke zuwa. Da rijiyoyi suka ƙafe, matasa suka watse Shiraz da Dubai da Doha.

Ran nan suna dawowa daga asibiti, tsohon ya dafa kafaɗar Ɗalhatu ta baya.

"Masu ƙidaya za su zo wata mai kamawa. In suka tarar ba mutane, za a ɗauke ofishin a kai ƙauyen bakin titi. Ka kai ni filin jirgi. In kwana a ɗakina, su ƙirga da ni."

"Baba, ai fasfonka yana hannun Rashad."

Da Ɗalhatu ya gaya wa Rashad, ko ɗago kai bai yi daga wayarsa ba.

"Babu injin wankin ƙoda a can. Ba zai yi sati da rai ba. In ya sake yi maka maganar, ka ce to, ka kawo shi gida. Khalas."

Ɗalhatu ya san gaskiya Rashad ya faɗa, amma wannan "to" ɗin ta riƙa yi masa nauyi a baki.

Da Haji ya ga ba hanya, sai ya sa Ɗalhatu ya riƙa zagawa da shi shagunan 'yan Dehmiran da ke unguwar da ake kira Matar Ƙadim: mai burodi, mai kayan miya, mai gyaran na'urar sanyi. Ɗalhatu ya tura shi a keken guragu har ciki. Su sumbaci goshinsa, su kawo shayi, ya roƙe su su je gida ko na kwana kaɗan ne. Kowa ya ce insha Allah. Yaransu na makaranta, shago ba mai tsaro. Babu wanda ya je.

Labarin ƙidayar ya iske su a bakin asibiti. Ɗan ƙanen Haji ne ya kira daga ƙauye. Ɗalhatu bai jin Farisanci, amma ya ga yadda tsohon ya ajiye wayar a cinya ya zuba wa gilashin mota ido.

"Sun ƙirga," in ji Haji. "Tsofaffi suka tarar, da awaki. Bayan hutu za a kwashe ofishin da makarantar."

Can ya tambaya, "Kai fa, akwai mutane a garinku?"

"Akwai, Baba. Har da 'yata da ban taɓa ɗauka ba."

Da yamma Haji ya kira ɗansa a gaban Ɗalhatu, ya ce a bar bawan Allah nan ya je ya ga iyalinsa. Rashad ya tambaya a hankali wa zai riƙa ɗaga Baba, tunda ba ya yarda kowa ya taɓa shi sai Ɗalhatu. Tsohon ya dubi ƙafafunsa da suka kumbura, ya bar maganar.

Ɗalhatu ya fita tsakar gida ya kira matarsa Haulatu, ya ce ta yi haƙuri, ba wannan Sallar ba.