Barka da Sabon Gida, Yael

Malama Balaraba ba ta yi niyyar karanta littafin ba. 'Yarta Madina ce ta bar shi a kan kujera, wani mai kauri kamar bulo, wai labarin wasu ƙawaye biyu ne a ƙasar Italiya, aka fassara shi zuwa Turanci. Shi suke karantawa a ƙungiyarsu ta masu son littafi, wadda ke haɗuwa ƙarshen wata a wani lambu da ke tsakiyar gari, inda 'yan kowace unguwa ke iya zuwa ba tare da waige-waige ba.

"Umma, da kin ga yadda aka kusa ba hammata iska a kan littafin nan," in ji Madina. "Wasu sun ce ƙawancen mata duk hassada ce a ƙasa. Wata har kuka ta yi. Ni da Firisila dai dariya muka yi ta yi musu."

Balaraba ta yi kamar ba ta ji sunan ba. Firisila 'yar Yael ce, Yael kuwa ƙawarta ce tun suna kwalejin horon malamai. Makaranta ɗaya suka koyar, kwano ɗaya suke ci, yau gwaten acca na Yael, gobe masar Balaraba. Da rikici ya raba garin, gidan su Balaraba na Kabong ya tashi daga wurin kwanan Musulmi, gidan su Yael na Unguwar Rogo shi ma ya tashi daga wurin kwanan Kirista. Sai mazajensu, Uzairu da Siman, suka yi abin da mutane da dama suka yi a lokacin, suka yi musayar gida. Mota ɗaya ce ta kai kayan wannan, ta dawo da na waccan. Ba a jima ba aka sauya wa kowacce makaranta zuwa ɓangarenta.

To, kowa ya sani, in mutum ya koma sabon gida, takawa ake yi a je a yi masa barka. A riƙo ɗan sabulu, a leƙa ɗakuna, a ce Allah ya sa gidan zama ne. Balaraba ta share tsakar gida ta zauna jira, don ita ce babba, ko da da 'yan watanni ne. Da farko ta ce tsoro ne ya hana Yael. Gari ya lafa, shiru. Uzairu ya rasu, Yael ta yi mata ta'aziyya ta waya. Ta waya fa! Da Siman ya rasu, ita ma ta rama ta waya, ta kashe, ta shiga ɗaki ta yi kukanta. Haka aka kwashe shekaru fiye da ashirin, kowacce na kwana a ɗakin 'yar'uwarta.

Wata safiya mai sanyi, bayan ta idar da lazimi, ta ɗauki littafin don kawai ta ga abin da ya sa yara hayaniya. Sai ga ta har azahar ba ta ɗora tukunya ba. Yara mata biyu ne suka taso a wani ƙauye na kan dutse, suna tsinkar zaitun tare. Ɗaya ta hau jirgin ƙasa zuwa birni, ta ce za ta dawo lokacin kaka. Ɗayar ta yi ta gyara mata gado har furfura ta fito mata. Balaraba na karatu tana tsaki, tana zagin mai tafiyar kamar tana gabanta.

"Wannan ai Yael ce sak! Har yadda take iya daɗin baki."

Ranar da ta gama, idonta ya yi ja, ta miƙa wa Madina littafin. "Ki ba Firisila ta kai wa uwarta. Ki ce in ji ni."

"Babu wani saƙo, Umma?"

"Wanda ke ciki ya ishe ta."

A ranta abu ɗaya take so: Yael ta karanta, kunya ta kama ta, ta yafa gyale ta zo. Ko sau ɗaya ne, kafin ɗayarsu ta mutu. Ta sa aka yi wa falo fenti, ta ce wa Madina dama ya daɗe yana bukata.

Wata ya zagayo, Madina ta dawo daga taronsu tana murna. "Umma, albishirinki. Mama Yael ta ce a gaya miki saƙo ya iso, ta yi kuka sosai, kuma ta yafe miki."

"Ta me?"

"Ta yafe miki."

"Ni? Ni za ta yafe wa? Lallai matar nan ta raina ni! Me na yi mata? Ni da na tsufa ina kallon ƙofa?"

Abin da kewa ta kasa yi shekara da shekaru, fushi ya yi shi kafin la'asar. Ta figi mayafi, ta tare keke mai ƙafa uku, ta ce a kai ta Kabong. Duk hanya tana jera maganganun da za ta zazzage mata, ko tsoron da ta saba ji in an doshi Gada Biyu, hanyar shiga ɓangaren su Yael, ba ta tuna da shi ba.

Itacen fiyar da ta dasa da hannunta ta fara hangowa, ya zarce rufin gidan. A ƙofa kuwa wata a-kori-kura ce tsaye, ana loda mata tukwane da kujeru. Firisila ta fito ɗauke da buhun kaya, ta gan ta, ta saki buhun ta durƙusa.

"Mama! Ke ce? Sannu da zuwa, Mama."

"Ina uwarki? Wannan kayan fa na mene ne?"

Firisila ta sunkuyar da kai. Ta ce tun daminar bara ɓarin jikin Mama ya shanye, ba ta iya tashi. Maman ce ta hana a faɗa, ko Madina ba ta sani ba, wai ba ta son a zo mata don tausayi. Littafin ma ita Firisila ce ta riƙa karanta mata. Yanzu yayan Firisila, Dantong, ya zo zai tafi da Mama Vom, can wurinsa za ta zauna, gidan kuma an riga an sayar.

Babu wanda ya nuna wa Balaraba ɗakin, ai nata ne. An kwashe komai sai gado. Yael na kwance, ta rame, bakinta ya ɗan karkace. Suka daɗe suna kallon juna.

"Kin tsufa," in ji Yael, maganar na fita da ƙyar.

"Ke yarinya kika koma?" Balaraba ta zauna a bakin gadon. "Me kika yafe mini, Yael?"

"Ba ke kika aiko ba? Ai ke ce wadda ta hau jirgi ta tafi. Na ce yau dai Balaraba ta gane laifinta."

"Ni ce mai jiran! Ni ce mai gyaran gadon!"

"Ni ce."

"Ni ce babba. Ke ya kamata ki fara zuwa mini barka."

"Rana ɗaya muka sauya gida, Balaraba. Ke kika san gidan nan. Na ce za ki zo ki nuna mini inda rufi ke yoyo." Ta huta, ta haɗiye yawu. "Duk shekara in fiyarki ta nuna, sai na ware miki manyan. Su ruɓe, in zubar."

Duk maganganun da Balaraba ta jero a keke suka watse. Ta ji baƙin ciki irin wanda ba ta ji ba tun rasuwar Uzairu. Ta kama hannun da ya shanye, ta ji shi sanyi ƙalau, ta sa shi cikin mayafinta.

Dantong ya leƙo, ya gaishe ta da ladabi, ya ce a yi haƙuri, gadon kaɗai ya rage, direba kuma yana son su isa kafin hadarin nan ya sauko.

Balaraba ta miƙe. Ta gyara mayafi, ta dubi bangon da babu komai, ta dubi rufin, kamar baƙuwar da ta zo ganin gida. Ba ta riƙo ko sabulu ba.

"Barka da sabon gida, Yael. Allah ya sa..." Ta kasa cewa gidan zama ne.

"Na gode, ƙawata," in ji Yael, hawaye na gangarowa ta gefe ɗaya. "Kin fita haƙƙina. Ni kam ba ni da ƙafar da zan rama miki."

Dantong ya ɗauki uwarsa cak kamar yarinya. Balaraba ta tsinci takalman Yael a ƙarƙashin gado, ta bi su da su har bakin mota. Ko ƙura babu a ƙasansu.