Bayan An Karɓe Mini Aska

Ban taɓa shiga aji ba, amma kawunan da suka sunkuya a gabana sun fi na kowane malami. Aski nake yi. Motar da ta kife da mu, ni kaɗai na fito da ƙafata. Gobara ta cinye shagona, na tayar da shi da kujera ɗaya da fasasshen madubi. Sa'o'ina duk na raka su makabarta.

Ina aski ina magana. In na ɗora aska a maƙogwaron mutum sai in ce, "Ɗan Adam ba laifi yake jin kunya ba, mai kallo yake jin kunya." Ya ce, "Haka ne, Baba." In ce, "Mai saurin yafiya, bincika, mantuwa ke damunsa." Haka ne, Baba.

Da hannuna ya fara rawa, na yanki kunnen wani direba, sai 'yata ta kwashe asake ta kulle. Na ce ba komai, kujera na nan, baki na nan, za su zo jin magana.

Shiru. Sai dai a ɗago mini hannu daga tsallaken titi, kai fes, aikin mai aski da inji. Abin ya tsaya mini a rai: da can ni suke amsa wa, ko ƙarfen da ke wuyansu?

Rannan sai ga direban, auduga a kunne, ya zo ɗaukar hular da ya bari garin gudu. Na ce ya zauna. Sai da ya leƙa hannuwana tukuna.

Na gyara murya. "Kaɗaici ba rashin mutane ba ne, rashin mai damun ka ne."

"Ƙarya ne, Baba."

"Me ka ce?"

"Taya ta taɓa fashe maka da mota cike da fasinja? Kowa na damun ka, kuma babu wanda ya kai ka kaɗaici."

"Ɗan nema! Da can me ya hana ka faɗa?"

"Wuya ɗaya gare ni."

Na jawo benci kusa da shi. Muka yi ta musu har inuwa ta juya, kuma ni na yi nasara, ko da shi bai sani ba.

Da zai tafi ya ce, "Gobe zan kawo maka surukina. Shi ko gaisuwa sai ya musa."

"Kawo shi," na ce. "Ka ce masa ya ci abinci ya ƙoshi, ba da wuri zai tashi ba."