Mai Sauraro a Kamfanin Gyaɗa

Aikina a wani kamfanin man gyaɗa da ke hanyar Zango shi ne sauraron ma'aikata idan damuwa ta yi musu yawa. Ilimin halayyar ɗan Adam na karanta.

Da aka fara rage ma'aikata, manaja ya kira ni. "Malama Haulatu, ki kwantar musu da hankali. Ke ma naki aikin, sai mun ga ƙarshen wata."

Na fito da kwanon abincina ina neman wanda zan gaya wa. Matan da ke ɗura mai suna cin ɗanwake a gindin darbejiya, ana ta dariya. Ina yin sallama hirar ta mutu. Kowaccensu ta taɓa kuka a gabana, kuma ba ta son sauran su gane. Na koma ofis da kwanona.

Bayan la'asar ɗayarsu, Larai, ta leƙo. "Anti, ɗazu na ga kamar ranki a ɓace."

Na gyara zama zan fara gaya mata, sai ta riga ni.

"Ko kin ji ina cikin waɗanda za a sallama?" Hawaye ya zubo mata.

Na ce ban ji ba. Na miƙa mata ruwa, na ce ta zauna, ina jin ta.