Funfuna a Likkafanin Umma

…kuma ruwan nan ba shi da niyyar tsayawa. Minti ashirin ke nan ina zaune cikin mota a ƙofar gidana kamar baƙo, na kashe inji, na kasa fita. Kina ciki, Umma. Na san kina bakin gado, kayanki a ɗaure, kina jiran in shigo in ce e ko a'a. Manniru ɗan ƙanwarki ya kira ni sau uku daga tashar Jabi. Gobe da safe zai ɗauki hanyar Kano, a ajiye miki kujerar gaba?

Kano. A watan Mayu.

Likita ya faɗa kina ji, zuciyarki ba za ta iya da zafin bazara ba. Ni ma ai ban manta shi ba. Ƙarfe biyu na rana kwalta ta kama takalmi, iska ta buso kamar daga bakin murhu, ƙuraje a wuya, ƙuraje a baya… ki yayyafa ruwa a tsakar gida, kafin ki ajiye bokiti ƙasa ta shanye. Na tsani zafin nan. Tun ina yaro na tsane shi, yau dai na faɗa. Ranar da na sauka Abuja kama aiki a ma'aikata, hadari ya haɗo ta bayan duwatsu tun cikin Afrilu, na tsaya bakin titi ya jiƙa ni sharkaf, takarduna a hammata, ina dariya kamar wawa. Garin da ake ruwa wata bakwai. Ko'ina kore, ko'ina sabon gini, mutum ya kwanta har ya ja mayafi.

Wannan daɗin na ɗauko ki ki sha. Bara, kamar yanzu. Na kafa miki esi mai sanyaya ɗaki, na sa labule mai kauri, ina jiran albarka. Me kika ce? "Lukmanu, garin nan naku rana ba ta ƙarasa aikinta." Wanki ya kwana biyu a igiya. Gishiri ya jiƙe a gwangwani. Kuɓewar da kika yanka kika shanya ta ruɓe a faifai, kika tsaya kanta kamar mai ta'aziyya. Wai zafin Kano mai gaskiya ne, ya gasa mutum ya bar shi a bushe, na nan kuwa gumi ne mai naci. Na ce rigimar tsufa ce. Har a ofis na ba da labari, aka yi ta dariya—

Yau da safe rana ta ɗan leƙo, kika ce in jawo miki akwatin ƙarfe daga lungun ɗaki. Na san abin da ke ciki. Likkafaninki. Wanda kika sayo a Makka shekara goma sha ɗaya da suka wuce, kika wanke shi da zamzam da hannunki. Kowace bazara a Kano sai kin fitar da shi ya yini a igiya, ki ninke shi da ɗuminsa. Mu yi ta tsokanarki, wai ko kayan salla ba su samun wannan gata.

Ni na jingina akwatin da bango. Ni. Magdalene maƙwabciyarmu, wadda ta shekara ashirin a nan Dutsen Alhaji, ta gani ranar da muke shigar da kaya, ta ce, "Oga, bangon nan yana shan ruwa fa, ka sa katako a ƙasa, ka ja shi gaba kaɗan." Na ce to. To ɗin ɗan boko, wanda ba ya zuwa ko'ina. A Kano wa ya taɓa jin bango ya ɓata kaya?

Da kika buɗe, sai ga funfuna. Ɗigo-ɗigo baƙi, wani wurin kore, tun daga ninkin farko har na ƙarshe. Ga warin… Ba ki yi kuka ba. Da ma kin yi. Kika shafa shi da tafin hannu, kika ce, "Kai ni gida."

Ni kuma bakina ya ƙi mutuwa. Za a wanke, akwai sinadarin da ke fitar da shi, zan sayo sabon yadi a kasuwar Wuse, ogana yana da zamzam jarka guda… Kika dube ni yadda ake duban yaron da ya fasa randa yana cewa zai ɗinke. Kunya ta kama ni, na ɗauki makulli na gudu ofis.

Ko an gaya miki? Watan Agusta, jana'izar mahaifin Salisu abokin aikina. Muna tsaye da gawa ana kwarfe ruwa daga kabari da kwano, a kwarfe ya dawo, a kwarfe ya dawo. Ban faɗa miki ba. Na wanke laka daga takalmina a waje kafin in shigo. Amma ke ba a ɓoye miki laka.

To in bar ki ki tafi? Cikin wannan wutar, babu esi, wutar lantarki sai an ga dama? In hana ki kuma? In riƙe ki a nan saboda ni nake son sanyi, ki yi ta kallon taga kina lissafin ranar da ƙasa za ta bushe? Likita ya san zuciya, e. Amma bai ga hannunki a kan yadin nan ba.

Na gaji, Umma. Wallahi na gaji, kuma tsoro nake ji. Ba na zafin ba ma… A bazarar Kano ba a ajiye gawa, kin sani, na sani. Awa biyu, uku, an sallata an kai. Wayar nan za ta yi ƙara ina zaune a ofis cikin sanyi, in fito a guje, ruwa, cunkoso… ko Kaduna ban kai ba za a ce mini har an dawo daga maƙabarta.