Kujerar Khiem

Su huɗu ne suka saba zama a teburin da ke kusa da tukwanen dafa giya, a wata mashaya ta unguwarmu a Hanoi: Vinh mai gyaran babur, Doan direban bas, Lam tela, sai Khiem, babbansu. Bara Khiem ya rasu, ya bar matarsa Nhan da 'yarsu Quyen, wadda ke aji uku a firamare. Ba su rasa ci ba, ba su rasa sutura ba. Shi kaɗai suka rasa.

Ranar da ya cika shekara da rasuwa, bayan an ƙona turare a gida, abokan suka ɗauki uwa da 'ya zuwa mashayar don a ba mamacin kofinsa. Aka kawo dafaffiyar gyaɗa da soyayyen awara da giyar da aka tace a safiyar. Vinh ya cika kofi ya ajiye gaban kujerar da ba kowa a kai. Kowa ya miƙa nasa ya taɓa na Khiem daga ƙasa-ƙasa, yadda ake yi wa babba. Quyen ma ta taɓa da ruwan rakenta.

Wurin ya cika maƙil. Sai ga Toan, saurayin da ya karɓi mashayar daga kawunsa, ya zo ya kama kujerar zai ɗauke.

"Kai, yaro, da mutum a kai," in ji Vinh.

"Ina mutumin, Baba?"

"Ba ka ga kofinsa ba? Ko idon naka ma kumfa ne?"

Doan ya ce, "Ta Khiem ce. Yau shekararsa."

Toan ya yi 'yar dariya. "Haba iyayena. Masu rai na tsaye, matacce na zaune? Ku kai masa gida mana."

Lam, wanda ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya buga tebur har gyaɗa ta watse. "Wa ya rene ka? Kana yawo ba wando Khiem yake zama nan! Kira mana kawunka!"

"Kawu ya koma ƙauye," in ji Toan. Ya fizge kujerar ya kai wa wani matashi, shi kuwa ya zauna yana danna waya, bai ma san abin da aka yi ba.

Kofin ya rage shi kaɗai a bakin tebur, ba a ko kai rabin cin abinci ba. Tashi ba ya yiwuwa, don ba a gayyato mutum a tafi a bar shi da kofi cike. Nhan ta sunkuyar da kai. Vinh kuwa sai zagi yake, yana waige-waige ko wani zai miƙo kujera. Kowa ya ji, amma kowa ya duƙufa kan farantinsa.

Quyen ta sauka daga tata, ta ja ta da hannu biyu har gaban kofin, ta goge ta da gefen riga.

"Baba, zauna," ta ce.

A tsaye ta ci awaranta har aka gama. Ran nan ta gane cewa babanta ba shi da sauran wurin zama a garin nan, sai wanda suka tashi suka ba shi.